Wai tsakanin mosul-ful da yagewar tsoka wanne ya fi muni? Ku raba mana gardama

Auwal_Lamba7:
Salamu alaikum 'yan guruf. Don Allah masu sani ku shigo, musu ya ƙi ƙarewa a majalisarmu. Ranar Asabar da yamma muna ƙwallo a filin unguwarmu nan Jahun cikin garin Bauchi, aka zuro min ita ta gefe na kwasa da gudu, ban ma kai ga taɓa ta ba na ji wani abu ya fizge ni a bayan cinyar dama kamar an soka min wuƙa, nan take na dafe wajen na zube. Yau kwana huɗu kenan, ina takawa amma da ɗingishi, zama a benci azaba ne, ruku'u kuwa sai a hankali, jiya kuma na duba na ga wajen ya yi baƙi-baƙi har ya gangaro bayan gwiwa. To shi kuma abokina da muke bugawa tare sati biyu da suka wuce shi ma ya ji ciwo, nasa a ƙasan sha-raɓa ne wajen agara, ya ce ji ya yi kamar wani ya sa masa ƙafa ta baya, ya waiga zai yi masifa bai ga kowa ba. Amma shi yanzu ba wani zafi yake ji sosai ba, kullum yana shagonsa a Wunti, jan ƙafar kawai yake yi. Majalisa ta rabu biyu, wasu sun ce nawa mosul-ful ne kawai zai wuce, wasu sun ce ai tunda jini ya kwanta tsoka ce ta yage kuma nawa ya fi nasa muni tunda ni ne nake ihu shi yana yawonsa. Wai ma mene ne bambancin? Wanne ya fi?

Ɗan_Wikki:
Wa alaikumus salam. Allah ya sawwaƙe lamba bakwai. Mosul-ful ne mana, ka samu Aboniki ka murza sosai da dare, Juma'a kana fili.

Sarkin_Musu:
Ni dai abin da na taso na ji a bakin manya shi ne gara karaya da ciwon jijiya. Ƙashi in aka ɗora shi kwana arba'in ya haɗe an wuce wajen, amma jijiya in ta taɓu kai da ita har tsufa, duk sanyin hunturu sai ta tuna maka. Saboda haka duk ku biyun kun shiga uku, babu wani wanne ya fi.

Ummu_Haidar:
Kai Sarkin_Musu mutum na neman sauƙi kana ƙara masa fargaba. Auwal sannu, Allah ya ba ku lafiya kai da abokin naka. A samu ruwan zafi da tsumma a riƙa gasa maka safe da yamma, haka muke yi wa yara.

Fiziyo_Gombe:
Sannu Malam Auwal. Bari in sa baki tunda wannan shi ne aikin da nake ci da shi. Abin da ke rikita mu kalmomi ne. Wannan mosul-ful ɗin da 'yan ƙwallo ke faɗa abu biyu suke haɗawa a ciki. Akwai ɗaurewar tsoka, wadda za ka ga ɗan wasa ya kwanta a minti na tamanin an ɗaga masa ƙafa an danna yatsu, bayan minti biyu ya tashi ya ci gaba, wannan ba abin da ya yage, tsokar ce ta dunƙule don gajiya ta ƙi saki. Sai kuma wanda ake cewa tsoka ta ja ko ta ɗame, to wannan a gaskiya yagewa ce, sai dai ƙarama. Ku ɗauki igiyar guga, ai zare-zare ne da yawa aka tufka. In silli kaɗan suka tsinke igiyar na nan tana jan ruwa, wannan shi muke kira mataki na ɗaya, sati ɗaya zuwa uku mutum ya warware. In wani kaso mai yawa ya tsinke amma ba ta rabu ba, mataki na biyu kenan, akwai kumburi, jini ya kwanta, ƙarfi ya ragu, ana ɗingishi, yakan ci wata ɗaya zuwa biyu wani lokacin ma fiye. In ta rabu gida biyu gugan ya faɗa rijiya, mataki na uku, wannan maganar watanni ake yi kuma wasu sai an yi aiki an ɗinke. Ka ga kenan ba wai abu biyu ne daban ake gwadawa ba, tsani ɗaya ne, tambayar ita ce a matakala ta nawa kake. Daga yadda ka kwatanta naka ya yi kama da na biyu, amma ban taɓa ƙafar da hannuna ba don haka kar ka ɗauka na yanke hukunci. Wanda ya fi tayar min da hankali a labarinka ba kai ba ne, abokinka ne.

Auwal_Lamba7:
Ikon Allah. Yallaɓai abokin nawa kuma? Shi fa har dariya yake min yana cewa ni rago ne.

Fiziyo_Gombe:
Shi fa. Wannan maganar ta "na ji kamar an buge ni ta baya na waiga ba kowa" duk wanda ya yi aiki da masu rauni in ya ji ta agara yake fara tunani, wato wannan kakkaurar jijiyar da ta haɗa sha-raɓa da dunduniya. In ta tsinke gaba ɗaya sau da yawa zafin na farko ne mai tsanani, bayan 'yan kwanaki sai ya lafa, saboda babu sauran abin da ake ja balle ya yi zafi. Wanda nasa ya yage rabi shi ne kullum cikin azaba, don duk motsin da ya yi sauran zaren da suka rage suna jan bakin ciwon. Kuma mutum na iya tafiya da tsinkakkiyar agara, akwai wasu ƙananan tsokoki da ke taimakawa, sai dai zai riƙa shimfiɗa ƙafar yana ja. Ka ce masa ya dafa bango ya tsaya da ƙafar da ke ciwo ita kaɗai ya yi ɗage a kan yatsunsa. In ya kasa, to ya durƙusa a kan kujera ƙafafun na lilo ta baya, kai kuma ka matse masa sha-raɓa da hannu, a lafiyayyiyar za ka ga tafin ƙafar ya motsa da kansa, in ɗayar ta yi shiru ba motsi kar ya ƙara kwana bai je asibiti ba. Sati biyu ma an yi jinkiri, don in aka daɗe bakin biyu na ja da baya suna nesa da juna, gyaran sai ya ƙara wuya.

Gunner_Na_Yelwa:
Wallahi irin na Beckham kenan. A watan Maris na 2010 yana AC Milan, ba wanda ya taɓa shi, ya ɗan ja da baya kawai zai buga ƙwallo sai ga shi yana ɗingishi, agara ta tsinke, har Finland aka kai shi aka yi masa aiki, kofin duniya na Afirka ta Kudu a benci ya kalle shi da kwat a jikinsa. Kuma akwai Kobe Bryant na ƙwallon kwando, 2013 tasa ta tsinke, a haka ya tsaya ya jefa ƙwallo biyu suka shiga sannan ya taka da ƙafarsa ya fita daga fili. To in tafiya ce shaida ai da an ce lafiyarsa ƙalau.

Ɗan_Wikki:
Kai kuma komai sai ka kawo mana Turawa. Mu nan a filin ƙasa muke bugawa ba takalmi ma wani lokacin, jikinmu ba irin nasu ba ne.

Gunner_Na_Yelwa:
To agarar taka da ƙarfen rodi aka yi ta? 😂

Baba_Na_Bolari:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka. Ni shekarata sittin da 'yan kai, na yi kokawa na yi langa da ƙuruciya, kuma a zamaninmu ba mu san wani fiziyo ba, in ka gurɗe ko ka yi targaɗe wajen maɗori za a kai ka ya ja ya shafa man shanu ya yi tofi, kuma ga mu nan da ƙafafunmu. Ban ce likita ƙarya yake ba, amma kada a raina abin da aka gada. Akwai gidajen da ɗori gadonsu ne kaka da kakanni, Allah ya ba su.

Nas_Maryam_Azare:
Baba ina wuni, Allah ya ƙara girma. Ba raini ba ne wallahi, akwai maɗoran da suka san aikinsu har su da kansu suke cewa wannan ba nawa ba ne ku tafi asibiti. Matsalar ita ce shi maɗori ƙashi ya sani, hannunsa ya saba da ja da murzawa, to tsokar da ta yage in ka ja ta me ka yi? Ka ƙara yaga ta ne. Mun taɓa karɓar wani yaro da aka yi wa gwiwa a gaban cinya wajen ƙwallo, aka yi ta murza masa da ƙarfi kullum wai a fasa jinin, bayan sati uku cinyar ta yi tauri kamar dutse gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, da aka yi hoto sai ga wani abu kamar ƙashi ya fara tsirowa a cikin naman. Yana faruwa, jinin da ya taru ne yake rikiɗewa haka. Sannan ɗaurin nan da ake tamkewa da karare, in yatsu suka fara sanyi ko suka canza kala ko mutum ya daina jin su, a kwance shi a take, kar a ce wai a daure zuwa safe.

Baba_Na_Bolari:
To 'yata na ji. Amma ruwan zafin da Ummu_Haidar ta faɗa fa? Shi ma laifi ne?

Nas_Maryam_Azare:
A kwana biyu zuwa uku na farko eh Baba, gara a bari. Lokacin ciwon na zubar da jini ta ciki, zafi kuma buɗe hanyoyin jini yake yi sai kumburin ya ƙaru. Haka man zafi da murza. Abin da ake so a farko a huta, a sa ƙanƙara a cikin tsumma kamar minti sha biyar zuwa ashirin a cire, a naɗe da bandeji ba tamau ba, a ɗora ƙafar a kan filo. Bayan kwanakin nan in kumburi ya fara sauka gashi ba laifi, yana ma sa jiki ya saki. Anti Ummu ba ki yi kuskure ba, lokacin ne kawai.

Ummu_Haidar:
Oh ni 'yasu, ashe mun daɗe muna aika-aika. Yaro na dawowa da kuka nake ɗora ruwa a wuta. Amma ƙanwata ina za mu ga ƙanƙara, mu da sai mu kwana biyu ba mu ga wuta ba?

Mai_Shayi_Railway:
Hajiya fiyawata mai ƙanƙara ta masu sola mana, guda biyu sun isa. Ko ruwan randa a jiƙa tawul.

Sarkin_Musu:
Ku tsaya ku tsaya. Ita ma ƙanƙarar ai na ji an ce wanda ya kawo ta ya janye maganarsa. Yau a ce a sa, gobe a ce kar a sa, su kansu likitocin ba su tsaya waje ɗaya ba sannan a zo ana gyara wa Baba zance.

Fiziyo_Gombe:
Yau dai ka faɗi gaskiya rabi Sarkin_Musu. Wani likitan wasanni ne a Amurka, Gabe Mirkin, shi ya fito da wannan tsarin na hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, a 2014 kuma ya dawo ya ce yawan ƙanƙara da hutu na gaba ɗaya na iya jinkirta warkewa, domin shi kumburin ma wani ɓangare ne na gyaran da jiki yake yi. Abin da aka tsaya a kai yanzu, ƙanƙara don rage zafi ce a farko ba ita ke ɗinke tsoka ba, in babu ita ba a yi asarar komai ba. Hutun ma ba a ce ka kwanta sati biyu kamar mai jego ba, bayan 'yan kwanaki a fara motsa wajen a hankali iya inda ba ya zafi. Amma fa bai ce a koma murza sabon ciwo da man zafi ba, kar ka ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Manomi_Dukku:
Ni ba ɗan ƙwallo ba ne amma bari in ba ku nawa. Bara da kaka muna loda buhunan masara, yaron da ke kama min ya saki gefensa ba zato, nauyin duka ya dawo hannuna na dama, na ji ƙas a gwiwar hannu kamar an tsinka tsirkiya. Da na duba damtsena sai na ga naman ya tattare ya hau sama ya dunƙule kamar ƙwallon mangwaro, ƙasa kuma ya bar rami. Zafin kwana uku ya yi ya tafi, na ce shi kenan Allah ya taƙaita, na ci gaba da harkokina da yake lokacin aiki ne ba wanda zai tsaya maka. Sai bayan wata huɗu da na ga ba na iya murɗa sukundireba ko buɗe murfin jarka da hannun na shiga Gombe aka duba, likita ya ce jijiyar da ta riƙe tsokar ce ta ɓalle daga ƙashi, da na zo a sati biyun farko da aikin mai sauƙi ne, yanzu kuwa ta ja sama ta manne. Har yau hannun na aiki amma ba kamar da ba, garma ma da hagu na koma riƙewa. To ni in aka tambaye ni wanne ya fi muni zan ce wanda ya daina zafi da wuri, shi ne ya yaudare ni.

Auwal_Lamba7:
Subhanallah. Kawu Allah ya ƙara sauƙi. Gaskiya jikina ya yi sanyi, yanzu na kira abokin nawa na ce ya jira ni a shago.

Ɗan_Wikki:
Ni fa har yanzu ban ga abin tashin hankali a na Auwal ba. A kai shi kemis a yi masa allurar diklofenak guda biyu. Ni na buga wasan ƙarshe na kofin unguwanni da irin wannan ciwon, kafin wasa na sha magani ban ji komai ba har aka tashi.

Koci_Sani_Fadama:
Ɗan_Wikki ka ƙarasa labarin mana, bayan wasan wata nawa ka yi kana kallo daga bakin layi? Ni na san irinku, shekara goma sha ina horar da yara. Wannan bayan cinyar ita ce ciwon da ya fi damun 'yan ƙwallo a duk duniya kuma ita ce ta fi dawowa, kuma kusan duk wanda nasa ya dawo a gabana gaggawa ce ta jawo. Zafi ya tafi a kwana goma, yaro ya ga yana tafiya daidai ya ɗauka ya warke, ya shigo fili, tseren farko ta sake ɓallewa a daidai inda ta yage, na biyun kuma sau da yawa ya fi na farko. Ƙaramin ciwo na sati biyu ya koma na wata uku. Ni dokata ita ce sai ka yi gudu iya ƙarfinka sau da yawa a tirenin ba ka ji komai ba, kuma in ka kwanta ruf da ciki na danne dunduniyarka ƙafar ciwon na ture hannuna da ƙarfi daidai da ɗayar, sannan zan sa sunanka. Ku tuna Usain Bolt a Landan 2017, tserensa na ƙarshe a duniya, na 'yan huɗu masu miƙa sanda, ya karɓa ya fara taka wuta bayan cinya ta kama shi ya faɗi bai ƙarasa ba. Mutumin da ya fi kowa gudu kenan da likitocinsa da komai, balle kai da ka sha koko da ƙosai ka shigo fili ba ko ɗumama jiki.

Ɗan_Wikki:
Koci ai ba sai ka tona ni a guruf ba 😅 wata biyu ne da 'yan kwanaki. Amma dai mun ci kofin.

Pantami_Boy:
Kofin unguwa dai, tunda ku 'yan Wikki rabonku da na ƙasa tun 1998.

Ɗan_Wikki:
Ji wanda ke magana. Ku zo filin Abubakar Tafawa Ɓalewa mu gani in za ku fita da maki.

Admin_Hafiz:
Jama'a a dawo kan magana don Allah, masu Wikki da Gombe United akwai ranar ku. Mutum na tambaya kan lafiyarsa.

Nas_Maryam_Azare:
Yauwa admin. Ina so in koma kan allurar da aka ambata. Diklofenak da ibufurofen suna rage zafi ba musu, amma ba su ɗinke komai, ɓoye maka ciwon kawai suke yi ka je ka ƙara ɓarna, ga masu olsa da masu ciwon ƙoda da masu hawan jini ba abin wasa ba ne a gare su. Farasitamol ya isa ga yawancin mutane. Taramol kuwa ba ma na son a kawo zancensa, mun ga inda ya kai samari. Sannan Auwal ka tambayi abokinka ko ya sha maganin taifod kwanan nan, wannan siprofuloksasin ɗin da ake ce wa sipro. An san shi da raunana jijiyoyi musamman agara, har a takardar cikin kwalin an rubuta, kuma haɗarin ya fi yawa ga manya da masu shan irin su deksa. Mu kuma nan kowane zazzaɓi taifod ne, a shiga kemis a saya ba gwaji.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Tunda ana maganar sha-raɓa bari in faɗi wannan ko zai amfani wata. Ƙanwata bayan ta haihu da kamar sati biyu ta fara kukan ƙafarta ta hagu, sha-raɓar ta kumbura ta yi zafi rau, kowa ya ce jijiya ce ta hau, wata ta ce wajen wankan jego ta taka ba daidai ba, aka yi ta matsa mata. Allah ya taimaka mijinta ya ce shi dai a je asibiti, ashe jini ne ya daskare a hanyar jini, suka ce matsar da ake yi ma haɗari ce don gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Don haka in ƙafa ta kumbura haka kawai ba faɗuwa ba gudu ba, musamman mai jego ko wanda ya yi doguwar tafiya a mota kamar daga Legas zuwa nan a zaune, kar a ce tsoka ce.

Fiziyo_Gombe:
Hajiya Allah ya saka, wannan magana ce babba. Kuma kin ga abin da na fara faɗa, kalmar jijiya ce ke cutar mu. Hanyar jini jijiya, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya, wadda ta haɗa tsoka da ƙashi jijiya, wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa ita ma jijiya, wadda in ta ja muke cewa targaɗe. Abu huɗu suna ɗaya, kowanne kuma maganinsa daban. A nan ne ma maganar Sarkin_Musu ta gara karaya take da ɗan tushe, jan nama yana da jini sosai shi ya sa yake saurin haɗewa, ita kuwa farar jijiyar nan da kuke gani a jikin ƙafar saniya wajen mahauta jininta kaɗan ne, warkewarta nawa gare ta. Shi ya sa ko a bayan cinyar ma wajen da ya yage na da muhimmanci, na tsakiyar nama ya fi saurin warkewa a kan na sama can kusa da ƙashin mazaunai. Auwal da ka ce zama a benci azaba ne, nuna min da yatsa, a ina zafin yake?

Auwal_Lamba7:
Yallaɓai ba can sama sosai ba, kamar tsakiya ne amma ya fi kusa da sama, bakin bencin ne ke danne wajen. Na shafa ban ji rami ba. Baƙin da ya sauko bayan gwiwa fa, ko can ma ya yage ne? Kuma in je in yi hoton ƙashi?

Fiziyo_Gombe:
A'a, jinin ne kawai ya gangaro ƙasa kamar yadda ruwa ke bin gangare, zai koma kore-kore da rawaya ya ɓace. Hoton ƙashi ba ya nuna tsoka, mutane da yawa na kashe kuɗi a kansa a ce musu ba karaya su koma gida da murna alhali naman a yage yake. Sikanin irin na masu ciki shi ke nunawa, ko hoton babbar na'urar nan da ake kira MRI in abin ya yi zurfi. Inda hoton ƙashi ke da amfani shi ne yara 'yan sha uku zuwa sha bakwai, su ƙashinsu bai gama ƙwari ba, maimakon tsokar ta yage sai ta ɓantaro ɗan guntun ƙashi daga ƙugu, Koci ka riƙe wannan saboda yaranka. Kai dai tunda kana Bauchi ka je sashen fiziyo na asibitin koyarwa ko duk inda ya fi maka kusa a taɓa a gani, in da buƙatar sikanin su za su faɗa.

Koci_Sani_Fadama:
Na riƙe yallaɓai. Ni ma in ƙara, akwai atisayen da nake sa yarana sau biyu a sati, mutum ya durƙusa wani ya danne masa idon sawu ta baya, shi kuma ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali jiki a miƙe har sai ya kasa riƙewa ya tare da hannu. Nodik ake ce masa. Bincike ya nuna yana rage ciwon bayan cinya da kusan rabi, ba ya buƙatar ko sisi sai tabarma. Yaran sun tsane shi don kwana biyun farko ko tsugunno gagararsu yake. Amma Auwal ba yanzu ba fa, sai ka warke.

Sarkin_Musu:
To ai ga shi kun dawo kan maganata, na ce jijiya ta fi ƙashi kuka yi min ca.

Gunner_Na_Yelwa:
Cewa ka yi duk su biyun sun shiga uku, kar ka canza. Kuma je ka tambayi wanda ƙashin cinyarsa ya karye a hanyar Jos ko zai yarda gara karaya.

Baba_Na_Bolari:
Ni dai har yanzu ina nan kan cewa na Auwal da a da ne da man shanu da haƙuri ya warke. Na abokin ne na yarda a kai asibiti, don na tuna wani abokin kokawarmu da irin haka ta same shi, har ya rasu yana jan ƙafa, muna ce masa iska ce ta buge shi a fage.

Auwal_Lamba7:
Jama'a na dawo daga Wunti. Mun yi gwajin a cikin shago kan benci mutane na kallonmu. Ɗagen ya gagare shi sam, ko ɗaga dunduniyar bai iya ba. Na matse ta hagu tafin ya motsa, na matse ta dama shiru kamar ba a jikinsa take ba, kuma da na bi agarar da yatsa akwai wani ɗan lotsawa sama da dunduniya kaɗan. Dariyar da yake min ta tsaya. Anti Maryam kuma wallahi kamar kina wajen, ya ce ya sha maganin taifod kafin abin ya faru amma bai riƙe sunan ba, kwalin na gida zai duba. Gobe da sassafe yayansa zai kai mu mu biyun. Abin da yake tambaya shi ne dole sai an yanka shi?

Fiziyo_Gombe:
Ba dole ba ne, wasu ana sa musu filasta ko takalmi na musamman da dunduniya a ɗage har ta haɗe, wasu aiki ake yi, likitan ƙashi ne zai zaɓa bayan ya ga tazarar da ke tsakani da kuma kwanakin da aka ɗauka. Ko wanne aka yi ya cire ran ƙwallo na wata shida ko fiye. Daga yanzu zuwa goben kar ya ƙara taka ta, a samo masa sanda, kuma ya tafi da kwalin maganin.

Ɗan_Wikki:
To shi Auwal ɗin zai samu buga kofin Sallah ko mu nemi wani lamba bakwai? Tambaya nake tsakani da Allah.

Mai_Shayi_Railway:
Yallaɓai fiziyo kafin ka sauka, ni kuma kafaɗata ce, wata uku kenan in na ɗaga butar shayi sama zan tsiyaya sai in ji kamar an soka min allura, da dare ba na iya kwanciya ta gefen. Ita kuma a matakala ta nawa take?